Kifin da Ba Ya Shiga Miya

Ranar Asabar da ta wuce ku goma sha ɗaya kuka zo gidanmu a Magajiya, 'yan aji biyar, kuka zagaye kwatarniyoyin da ke ƙarƙashin rumfa kuna leƙe kuna ƙyalƙyala dariya. Wata mai wushirya a cikinku ta ce, "Yaya Saude, wannan ai ba sana'a ba ce, hutu ne. Kifi na iyo, ke kina kallo." Ta kusa da ita ta ce idan ta gama jarrabawa ita ma abin da za ta kama ke nan, tunda babu lissafi a ciki. Malamarku ta ce in rubuto muku yadda aikin yake, a karanta muku a aji. To ga shi. A sa mai wushirya a bencin gaba.

Ku fara sanin wanda kuka yi wa dariya. Turawa suna ce masa telesko, mu a gidan nan ƙwala-ido muke kiransa. Baƙi ne wuluk kamar karammiski, jikinsa a dunƙule kamar ƙwai, jelarsa tana binsa a baya kamar mayafin da ya fi ƙarfin mai shi. Idanun kuwa sun fito waje, ɗaya dama ɗaya hagu, sai ka ce fitilun mota. Wanda ya gan shi zai rantse babu abin da ke ɓoye masa a duniya, alhali da ƙyar yake ganin abin da ke gaban bakinsa. Sana'ar tamu duka daga nan ta taso: hidimar mai manyan idanu da ba ya gani.

Aikin farko da aka ba ni shi ne shafa kwatarniya da ɗankwali. Shekara takwas ke nan, ina zaman jiran sakamakon jarrabawa kamar yadda za ku jira naku. Garin nan bai canja suna ba tukuna. Har yau bakina yakan ce Abuja kafin ya tuna Suleja. Babana tela ne, ya aike ni Kwamba in karɓo masa zare wurin Iya Fola, wata Bayarabiya 'yar Ogbomosho mai sayar da kayan ɗinki. Ban same ta a shago ba, na zagaya baya, na tarar da ita a durƙushe tana yi wa kwatarniya magana. Na leƙa in ga wa take yi wa. Zaren da bai isa gida ba ke nan sai bayan la'asar. Kifayen, wata Baturiya da Iya ta taɓa yi wa ɗinki a Kaduna ce ta bar mata su da za ta koma ƙasarsu.

Da na kwana uku ina zuwa leƙe, Iya ta ce, "Ke 'yar boko, kallo ba ya ƙarewa o. In kina so ki koya, gobe ki zo da tsohon ɗankwali na siliki."

Na zo da shi. Ta nuna mini wata busasshiyar kwatarniya ta ce in bi cikinta da ɗankwalin a hankali, daga baki har gindi. Duk inda silikin ya maƙale, akwai kaushi a wurin, sai in goge da dutsen rafi mai sulɓi, in sake bi. Idon ƙwala-ido a waje yake, ba shi da fatar rufewa, tsinin yashi ɗaya ya isa ya tsiyaye shi. Sati uku na yi ina wannan shafa, ban taɓa ko ruwan kifi ba. Ɗankwali biyu na cinye, na uku na babbar yayata ne, har yau ba ta san inda ya shiga ba.

Ban da randuna, kayan aikinmu ba za su cika kwando ba. Ƙwarya, ludayi, mataci, gashin kaza, guntun tiyo, faifai, sai randa biyu. Raga ba ta shiga gidan nan, domin tana kama ido. Da ƙwarya ake ɗebo kifi tare da ruwansa, kamar mai ɗebo wata daga rijiya. Da tiyo ake zuƙo dattin da ya kwanta a gindi, kuma sai kin fara zuƙa da baki kafin ruwan ya biyo. Ranar farko rabin ludayi na haɗiye, Iya ta ce yanzu na zama 'yar gida. Randunan na kwanan ruwa ne, domin ruwan da aka ɗebo yau ba a ba kifi sai gobe, kuma kafin ki zuba sai kin tsoma gwiwar hannu a nan, kin tsoma a can, kin ji sanyinsu ya zo ɗaya. Turawa suna da injin hura iska a ruwa. Mu da lantarki sai ya ga dama, faɗin bakin kwatarniya shi ne injinmu, ga shi kuma yumɓu yana sanyaya ruwa ko a tsakiyar bazara. Faifai na inuwa ne, da kuma tsare su daga kyanwar maƙwabta, wadda ita kaɗai ce a unguwar nan ta yarda kifin yana da amfani.

Ciyarwa ma da ƙa'idarta. Da hantsi zan fita da mataci in bi kwatami da tsofaffin gwangwanaye ina tace 'ya'yan sauro, ni da takardar shaidar gama sakandare, mutane suna gaishe ni suna kallon hannuna. In ba a samu ba sai a tono tana, tsutsar ƙasa, a wanke a yayyanka, ko dafaffen alayyafo. Kafin ki zuba, ki ƙwanƙwasa bakin kwatarniya sau uku da ludayi, kullum a wuri ɗaya. Ba sa gani sosai amma suna ji, za ki ga sun taho suna rangaji kamar matan da suka sha ado za su gidan suna. Abin da ba su cinye ba a ɗan lokaci, ki janyo shi da gashin kaza ki kwashe. Yunwa ba ta cika kashe su ba, tausayin mai su ne ke kashe su. Sauran aikin kuwa shi ne kallon da kuka raina. Wanda ya ɗaga baki sama tun da sassafe ƙarar ruwa yake kawo miki. Wanda ya tsuke jela ya koma gefe, wankan gishiri yake so. Ba za su faɗa miki da baki ba.

Masu saye, tambayarsu ta farko ɗaya ce ko da takalmi suka zo ko babu: "Ana ci?" Babana shi ya fi kowa jin daɗin wannan tambaya. Uwata yake kirana, saboda sunan mahaifiyarsa ne da ni, kuma daga kan kekensa a zaure zai amsa musu kafin in buɗe baki: "Ina fa! Wannan kifin Uwata ne, shi ake dafa wa." Wani ma'aikacin banki ya sayi biyu, ya ƙawata musu akwatin gilashi da duwatsu masu tsini, bayan sati ya dawo yana faɗa wai na sayar masa da mai ido ɗaya. Wata matar likita kuma don tsabta ta wanke nata da sabulu. Tun daga nan ba na sallamar mai saye sai ya maimaita mini karatu kamar ɗan aji ɗaya.

Ranar da duba-gari ya shigo bayan shagon Iya ba zan manta da ita ba. Ya ga kwatarniya takwas cike da ruwa, baki a buɗe, ya zaro littafi yana murmushin wanda ya yi babban kamu. Ya tsoma dogon ludayinsa neman 'ya'yan sauro, sai ga Madam ta taso. Madam ita ce babbar macen, uwar duk kifayen, ta cika tafin hannu. Ta tsaya ta zuba masa idanun nan. Ya ja da baya ya ce, "A'uzu billahi! Iya, kifi ne wannan ko mutanen ɓoye?" Iya ta ƙwanƙwasa sau uku, ta juye 'ya'yan sauron da na tato. Kafin ya gama gyara hularsa babu ko ɗaya. Ya rufe littafi ya ce, "Ashe abokiyar aiki ce. A gafarce ni, ranki ya daɗe."

Na shekara huɗu a hannun Iya, sannan ciwon ƙafa ya matsa mata, 'ya'yanta suka zo suka tafi da ita gida. Kifi ba zai jure wannan doguwar tafiya a bayan mota ba. Muka kwaso kwatarniyoyin zuwa Magajiya a amalanke, muna tafe kamar masu rakiyar marar lafiya. Da za ta shiga mota ta riƙe hannuna ta ce, "Saudatu, irin nan ya ƙetare teku bai mutu ba, ya zauna hannuna bai mutu ba. Kada ya mutu a hannunki o." Na ce in Allah ya yarda.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mugunyar shekarata, kuma da kyau ta fara. Ita ce shekarar da aka ce za a gina sabon babban birni kusa da mu, masu awon ƙasa suka cika gari. Da ruwan farko ya sauka, mazan suka fara bin Madam. Na dafa zaren rama na sa mata, ta zuba ƙwai a jiki, na ɗauke zaren zuwa wata kwatarniya kafin iyayen su cinye abinsu. 'Ya'yan suka fito sirara kamar gashin ido. Na yi ta matsa musu dafaffiyar gwaiduwa ta cikin ƙyalle. Abin da ba ku sani ba, ɗan ƙwala-ido ba da idon yake zuwa duniya ba. Toka-toka yake, ido a shafe, ba ki bambanta shi da kifin rafi. Iya ta taɓa ce mini, "Wata huɗu, ido zai fito." Ni kuwa 'yar makaranta, na rubuta a littafi na ja layi da rula. Ranar da wata huɗu ya cika na zauna da ƙwarya na yi musu jarrabawa. Talatin da ɗaya suka ci. Bakwai ido a shafe, na ce sun faɗi.

A lokacin Baba yana fama da duba-gari a kan wata tsohuwar kwatarniya da ke ƙarƙashin indararon zaurensa, inda yake tara ruwan yayyafa wa kayan guga. Ya ce, "Uwata, waɗannan da kika kora fa? Ba ni su, su yi mini gadin sauro. Ke ki zauna da sarakanki, ni a bar ni da talakawa." Na juye masa su bakwai ɗin ban ko waiwaya ba.

Bayan kaka ƙananan suka girma, wuri ya yi musu kaɗan. Na tafi Maje wurin Inna Laraba, maginiyar da ke yi wa Iya kwatarniyoyi. Na Iya kullum farare ne fau, babu ado babu sheƙi, ni kuma a raina na ɗauka tsumulmula ce irin ta tsofaffi. A tsakar gidan Inna Laraba ga tukwane jajaye suna ɗaukar ido, waɗanda ake yayyafa wa makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, da zafinsu daga wuta. Na ce ta gina mini manya guda uku irin waɗannan, kuma cikin ya yi sulɓi ƙwarai. Ta ce, "Me za a zuba, 'yar nan?" Ga mata cike da gidan, na san dariyar da za a yi in na ce kifi. Na ce, "Ruwa." Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi gaskiya ba.

Inna Laraba ta yi mini aikin mutunci. Ta shafe su da makuba ciki da waje, ta maimaita. Ɗankwali ya bi cikinsu bai maƙale ko sau ɗaya ba. Iya takan jiƙa sabuwar kwatarniya sati biyu tana zubar da ruwan, amma wasu masu awon ƙasa sun ce za su zo kallo ranar Lahadi da matansu, na ce kwana biyu ma ya isa. Ruwan ya ɗan yi ja kamar shayi marar madara, na ce kai, baƙin kifi a cikin wannan ai sai hoto. Ranar Asabar da safe na kwashe su kaf, Madam da mazanta biyu da talatin da ɗayan nan, na zuba a sababbi, na kife tsofaffin a rana.

Kafin azahar duk sun taso sama suna haki. Na mayar da su ruwa mai kyau, na yi ta ɗiba da ƙwarya ina zubowa daga sama don iska ta shiga, har hannuna ya ƙage. Ƙananan suka fara juyewa ɗaya bayan ɗaya. Madam ta kai har Litinin. Baƙin da suka zo Lahadi a zaure Baba ya tare su, ya ce mai kifin ba ta nan.

Na koma Maje na faɗa wa Inna Laraba abin da ya faru. Ta dafe ƙirji ta ce, "Kifi? Wayyo 'yar nan, da kin faɗa! Ai da ɓawon ɗorawa mazanmu ke kama kifi. A daka a zuba a rafi, ki gan su sun taso kamar an kira su. Wace yarinya ce a ƙauyen nan ba ta san haka ba?" Sannan ta ce, "Ashe shi ya sa Bayarabiyar nan take hana ni shafawa. Ni na ɗauka rashin sanin kyau ne irin na baƙi." Matan gidan ba su yi dariya ba, har gara a ce sun yi.

Na bi waɗanda muka taɓa sayar wa ko zan sami iri. Ma'aikacin banki an yi masa canji, na matar likita kun ji labarinsa, na wani ɗan kasuwa a Kwamba namiji ne tilo, ya tsufa. Na dawo na zauna na rubuta wa Iya wasiƙa, shafi ɗaya, babu kwana-kwana: irin ya mutu a hannuna, ga yadda aka yi. Na ba Baba ya sa mini a gidan waya idan ya fita sayen zare. Na kife kwatarniyoyi, na fara neman aikin koyarwa.

Bayan kamar wata ɗaya da rabi, ina shara da hantsi, Baba ya ƙwala mini kira daga zaure.

"Uwata! Zo ki duba mini, ke da kika yi karatun abin. Talakawana sun kamu da ciwon ido."

Na fita da tsintsiya a hannu. Kwatarniyar tana nan ƙarƙashin indararo, amma an ɗora mata faifai sabo, ruwan kuma garau. Baba ya ɗauki almakashinsa ya ƙwanƙwasa bakinta sau uku. Suka taso suna rangaji. Biyar sun yi baƙi wuluk, idanu sun fito ƙwala-ƙwala, sauran biyun ma sun fara kumburi.

Na ce, "Baba, wa ya koya maka ƙwanƙwasawa?"

Ya ce, "Shekara nawa ina jin ƙwas-ƙwas-ƙwas a gidan nan? Ko kekena ya iya."

"Tun yaushe idon ya fara?"

"Tun kafin naki su mutu na ga na ɗaya yana ɗan tasowa. Ban faɗa ba, kada in sa miki rai a banza." Ya leƙa ruwan ya gyara tabarau. "To, likita, za su warke?"

Na ce ba za su warke ba har abada. Ya ce alhamdu lillahi.

Ya koma kan kekensa, ya jawo ɗan aljihun da yake ajiye allura, ya zaro wasiƙata, ko kan sarki bai manna mata ba. Ya miƙo mini ya ce, "Ungo, gyara ta. Ki ce wa Iya irin yana nan, sai dai ya canja hannu."

Na ɗauko ƙwarya zan kwashe su, ya tare ni da ƙafa. "A'a. Ke kika ce sun faɗi jarrabawa. Kyauta kika ba ni, da shaidu. In damina ta zo zan ba ki aron mace ɗaya da maza biyu, ki dawo mini da su da idanunsu cif."

Haka aka yi. Amsar Iya ta zo a takardar da jikarta ta rubuta mata, layi uku: ta ce wata huɗu ta faɗa, ba ta ce da rula ba, wani sai ya kai wata tara, a dinga jira, a gaida tela. Duk kifin da kuka gani ranar Asabar jikokin bakwai ɗin nan ne. Kwatarniyoyin makuba uku kuwa suna bayan ɗaki, albasa muke ajiyewa a ciki, kuma har yau sun fi duk kayan gidan kyau.

Saboda haka wadda ke so ta zo, ƙofa a buɗe take, sai dai ta taho da tsohon ɗankwali na siliki, nata na kanta. Za ta bi ta zaure. Za ta tarar da wani tsoho a kan keke, zai ce mata kifin nan ba ya shiga miya, ban san me Uwata ta gani a ciki ba. Ta gaishe shi da ladabi, kada ta taɓa faifan da ke ƙarƙashin indararo. Ni aro nake yi, shi ne mai irin.